Kaka Ta Zare Wayar Wuta

Kaka ta tsani shirun da ya mamaye ɗakin bayan kantin magungunanta. Dā manyan kwamfutoci ne jere a ciki, ta ciniki daban, ta kaya daban, ta rassa daban, suna ta gurnani da huci. Duk wadda ta ƙi tashi sai an kira jikanta injiniya, ya wuni yana gumi, ita kuwa tana tsokanarsa. Bara ya kwashe su, ya zuba aikinsu duka a na'ura guda, ya koma gyara daga gida ta wayarsa. Kewarsa ta ishe ta. Yau da safe ta zare wa na'urar wayar wuta, ta ja kujera ta zauna jira.

"Sannu da ɓarna, amarya," ya ce daga bakin ƙofa.

"Wa nake gani kamar mijin nan nawa da ya gudu? Na zaci sai ranar jana'izata."

"Ke da mutuwa ta manta hanyar gidanki? Wa ya taɓa mini na'ura?"

"Ɓera."

"Ɓera mai tabarau da sanda?"

"Na'urarka ce ragguwa kamar mai ita. Nawa na dā, ko mutuwa za su yi sai unguwa ta ji."

"Masu shan wuta kamar yadda kike shan shayi? Kin san da kika zare ko rasit ɗaya bai tsaya ba? Tana da 'yar'uwa a reshe, nan take ta karɓi aikin."

Kaka ta yi sororo. "Wato ba abin da ya lalace?"

"Ko kaɗan. Ina kwance na gani a waya."

"To me ya kawo ka, sarkin ƙyuya?"

"Ɓeran na zo gani."

Ta yi dariya har da goge ido. Ta nuna lungun da babu komai yanzu. "Can kake zama a kan kwali, kai duk ƙura, kana cinye mini abincin rana."

"Ai ba sai kin zare komai ba, tsohuwa. Kira kawai za ki yi."

"Na yi ta kira. Kullum sai ka ce ka gyara daga can."

Ya duƙa ya mayar da wayar wutar, ya kashe wayarsa ta hannu, ya danƙa mata.

"Kin ci, amarya. Riƙe sai yamma. Me aka dafa?"