Ma'adinin da Na Ba Alhaji a Hanyar Sina

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Alhaji Bala Alƙahira ba. Shi ne mahaifin Hauwa, wadda nake neman aurenta a lokacin. Ganin likitan ido ya kawo shi, ni kuma ina ɗalibin Larabci a can, sai na naɗa kaina ɗan rakiya. Da ya samu sauƙi ya ce yana son ganin Dutsen Sina. Na ce tamam, ai ni ɗan duwatsu ne, a Jos aka haife ni, garin kuza (ban dai faɗa masa ina goye muka koma Kano ba).

Hanyar tana hawa tana lanƙwasa a tsakanin duwatsu. Kunnena ya toshe, amma bakina bai mutu ba. Na yi ta zuba masa labarin ma'adinan da aka haƙa a yankin tun zamanin Fir'auna. A can ƙololuwar hanyar direban motar da muka ɗauka ya tsaya don injin ya huce. Nan na hango wani baƙin dunƙule yana ƙyalli a gefen titi. Na ɗauka, na jinjina, har na lasa.

"Baba, wannan ɗanyen ma'adini ne. Ba kowa ke gane shi ba."

Alhaji ya karɓa hannu biyu, ya cusa shi cikin jaka tsakanin fararen jallabiyoyinsa. Jakar ta wuni a bayan mota cikin zafin rana har muka dawo.

A masaukinsa na unguwar Ma'adi a Alƙahira ya tara abokansa 'yan kasuwa. "Ku zo ku ga abin da yaron nan ya gano." Ya zuge jaka. Warin ne ya fara fitowa. Ya ɗago jallabiya ɗaya, sauran suka biyo ta a manne. Kwalta ce, ragowar gyaran titi.

Alhaji ya gyara sabon tabaraunsa, ya daɗe yana dubana.

"Ni aka yi wa aikin ido," in ji shi, "ashe da kai ya kamata a fara."

Ya ba ni Hauwa duk da haka, amma har yau a gidansu Injiniya ake kirana. Yanzu ko tsakuwa aka nuna mini, cewa nake Larabci na karanta.