Rasuwar Vihor, Taku Ashirin Kafin Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai warin fetur, ni Milisav na gidan bayan injin niƙa nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu dariya a ɓoye rasuwar baburina mai taya uku, Vihor, wanda ya cika da hantsin ranar bikin Waliyyi Jorji a kan tudun coci, yana da shekara arba'in da ɗaya. An liƙa wannan takarda a bishiyar bakin kasuwa, inda ake liƙa ta kowane mamaci, kuma duk wanda ya yage ta, ni da shi ne.

An haifi marigayin a Japan. Ya yi ƙuruciya a Jamus, inda na je aikin gini, na dawo da shi a kan rufin bas, ɗaure tsakanin firji da katifa. A lokacin irinsa goma sha huɗu ne a kwarin nan, tayoyinsu ɓul-ɓul kamar kabewa, kuma duk ranar biki sukan yi tsere daga rafi zuwa ƙofar coci, wanda ya ci ya ja ɗan rago gida. Daga baya aka daina ƙera su, wai suna kifar da mutane. Suna kifarwa mana! Amma sai marar ladabi.

Marigayin malami ne. Shi ya koya wa ƙauyen nan cewa in ka zo kwana sai ka zame gefe ka rataya, kuma ko ana ha maza ha mata ba ka sauke ƙafa ƙasa, don tayar baya tana nan tafe. Mutum bakwai ya karantar da wannan darasi, ni ne na farko, shi ya sa nake tafiya kamar mai auna gona. Ya ja itace, ya kai masara niƙa, ya fito da motar likitan dabbobi daga taɓo. In ka ja igiyarsa sau uku yakan ce "kuf, kuf, turrrr," karnuka su watse, matata Desanka ta rufe taga.

Abu ɗaya ne ya tsaya mana a rai, ni da shi: tsere talatin da shida ya shiga kafin na bana, bai taɓa cin ko ɗaya ba. Sa'o'insa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai koren baburin Budimir, abokina da ya tsaya mini ranar aurena, amma har yanzu na biyu muke zuwa. Duk shekara Budimir zai gasa ragonsa ya aiko mini da ƙafa ɗaya a faranti, da saƙon "a ba na baya ya ji ƙarfi." Nakan ci, don ba a wulaƙanta abinci, amma da ƙyar take wucewa. Bana kuma Desanka ta yanke hukunci: "Tsoho da kai, shekara saba'in da biyu? Wannan ne na ƙarshe. Ka ƙara ka gani, kaji zan sa su yi ƙwai a kansa."

Ciwon ajali da tari ya fara. Bakanike ya ce sai an buɗe inji an jira kaya daga birni, alhali biki saura kwana uku. Sai na yi masa abin da mahaifina yake yi wa duk mai tari a gidanmu, mutum ko saniya: barasar da muke dafawa a gida. Kofi ɗaya a tanki, tari ya lafa. Safiyar tsere na ce tunda kaɗan ta yi magani, da yawa sai ta fi, na juye masa kwalba guda, wadda na ajiye tun auren 'yarmu.

Jama'a, ban taɓa ganinsa haka ba! Rafin nan bai ko jiƙa mini takalmi ba. Na waiga, karo na farko a rayuwata na ga fuskar Budimir a tsere maimakon ƙeyarsa. Saura taku ashirin a kai layin ƙarshe, marigayin ya ce "kak," ya ƙara cewa "kak," ya yi shiru. Na zauna a kansa hawaye na zuba, ina jin koren babur yana matsowa.

Sai na ji an daki bayanmu. Budimir ne, tayarsa manne da mu, yana tura mu yana ihu: "Kauce, tsohon banza, birkina ya tsinke!" A hawan tudu fa. Haka muka ƙetare layi, Vihor a gaba, shi a baya yana zagin birki. Alƙalai suka duba, doka ta ce wanda ya fara isa, ba ta ce da rai ba. Masu cewa turo shi aka yi, ina jin ku, kada ku zo cin nama.

Ya rasu ya bar fulogi biyu, rabin galan na fetur, baburin surukina mai taya huɗu wanda bai gaje shi a komai ba, da Desanka, wadda ta ce ba kuka ta yi ba, albasa take yankawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan rumbun masarata. Za a raba dafaffiyar alkama bisa al'adar makoki, a zuba barasa a ƙasa, kaɗan fa, mun ga aikin da yawa. Limamin coci ya ce ba ya yi wa ƙarfe addu'a, amma zai zo cin nama. Ragon da marigayi ya ciyo za a gasa, an ware wa Budimir ƙafa ɗaya a faranti.

Masu haƙa rami su zo da wuri, kuma su faɗaɗa shi ya ɗauki biyu. Jiya Budimir ya kawo koren baburinsa ƙofar gidana, lafiyarsa ƙalau, birki da komai, ya kashe shi, ya sauka, ya ce, "To, da wa zan yi kuma?"