Makullin Shagon Kaka

"...Lafiya lau, Angona. Ya gajiya, ya rashin kasuwa?"

"Kauce daga bakin ƙofa, Amarya, kin tare min haske."

Kakan bai ko ɗago kai ba. Yana zaune a shagonsa na gyaran rediyo da talabijin, tsakanin matattun akwatuna da ƙura ta rufe, ya riƙe hannun gem, abin sarrafa wasan talabijin, da hannu biyu. A cikin tsohuwar talabijin ɗin da ke gabansa, wani ɗan mutum mai bulala yana hawa matakalar wani tsohon gidan sarauta, jemagu suna kawo masa sura. Jikar tasa daga asibiti take, inda take aikin ɗibar jini, ko farar rigar ba ta cire ba. Mahaifinta ne ya aiko ta karɓar makullin shagon. 'Ya'yan tsohon sun yanke shawara ba da shi ba, sun ba mai sayar da wayoyi wurin, tun da hannunsa na dama ya fara rawa.

"Tsoho da furfura har a kunne, kana wasan yara? Ashe abin da na aura ke nan."

"Ni na ce ki aure ni? Ke kika liƙe. Duk garin nan an rasa mai kwasar ki."

"Wa kake duka da bulala haka?"

"Danginku. Akwai wani maye a can ƙololuwar bene, yana kwana a akwatin gawa, yana tashi ya sha jinin mutane. Sana'arku ɗaya, sai dai shi ba ya cewa a dunƙule hannu."

"Ni da allura nake ɗiba, kuma cokali guda. Kai in na soka maka ma me zan samu? Ruwan batir?"

"Ruwan batir ɗin ne ya haifi ubanki."

Ta ja wani akwati ta zauna. "Yaushe ka fara farautar nan?"

"Shekara talatin da ɗaya. Wani ya kawo na'urar wasan nan a gyara masa, bai dawo ba har yau. Na gyara, na kunna don in gwada, shi ke nan."

"Shekara talatin maye ɗaya ya gagare ka! Ai da tsufa ma ya isa ya kashe shi."

"Shi ba ya tsufa. Kuma ba shi da 'ya'yan da za su zauna a falo su raba masa gida yana raye."

Ta shiga kaɗe ƙura daga rigarta.

"Faɗi abin da ya kawo ki," in ji shi. "Na san ba kewata ba ce."

"Baba ya ce makulli."

"Shi ƙafarsa ta karye? Ko kunya ce ta hana shi? Ya san ba na iya zagin ki da gaske, shi ya sa ya turo ki."

"Kana iyawa mana. Jiya ka ce kaina kamar bayan talabijin."

"Wannan ai yabo ne. Ki jira. Tun safe nake hawa, kuma wannan abin ba ya ajiye wa mutum inda ya tsaya. Rai ɗaya ya rage min. In na kashe shi, ki ɗauka."

"In ya kashe ka fa?"

"Ki yi takaba."

Ɗan mutumin ya kai ɗakin ƙarshe. Mayen ya bayyana cikin baƙin mayafi, ya watso wuta. Kakan ya yi tsalle, ya zabga masa bulala a ka, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba.

"Kai, Angona! Ƙara masa! Saura kaɗan!"

Sai babban yatsansa ya yi karkarwa a kan madannin, ya danna inda bai nufa ba. Ɗan mutumin ya taka cikin wutar, ya faɗi. Kiɗan ya tsaya.

Ta dubi hannun, ta kawar da kai. "Madannin ne ya saki. Tsohon kaya, kamar mai shi."

"Ƙarya kike." Ya ajiye hannun gem ɗin a cinyarsa. "Shekaranjiya na buɗe shi na sa sabuwar roba. Abin da na gyara ba ya saki. Hannun ne."

Ya yi wata 'yar dariyar yaƙe, ya laluba aljihu, ya cillo mata makullin.

"Kin ci, mayya. Ki kai wa ubanki. Ki ce shi ya fi na cikin talabijin iya aiki."

Ta juya makullin a tafinta, sannan ta jefa shi a jaka.

"Bai ce min ƙarfe nawa ba," ta ce. "Matsa can, ka cika kujera. Wanne ake dannawa a yi tsalle?"