Bututun Hayaƙin Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama bututun hayaƙi ba, ni da kaina, cikin kakin ma'aikatan En'e, a gaban Bature. Har yau idan na ji ƙanshin suyar gyaɗa sai ƙuguna ya fara zogi.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai aka ɗauke ni ƙaramin duba-gari a Gumel. Gidanmu yana can bayan kasuwa, inda talauci ya shimfiɗa tabarmarsa ya miƙe ƙafa. Gabas da mu maƙera, yamma masu gasa tukwane, bayanmu juji da ba ya rabuwa da wuta. Mu kuma a tsakiya, Innata tana suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli cikin wata shigifa marar taga, da kara da kashin shanu, don itace na masu hali ne. A unguwarmu da tari ake fara gaisuwa. Idan aka kwana biyu ba a ji na mutum ba, sai a tambaya ko ya yi tafiya.

Amma tarin Inna ya fita daban. Ta rame, kuma na taɓa ganin jini a gefen zanenta, ta yi maza ta naɗe. Tsoro ya kama ni, don ita kaɗai gare ni.

Wata rana shugabanmu, Malam Haladu, yake faɗa mana abin da ya ji a bakin likitan Turawa: wai akwai ciwon daji da ke kama huhu, taba ce babbar mai jawo shi, amma duk hayaƙin da mutum ya daɗe yana shaƙa ba alheri ba ne. Na ce, "Malam, wanda ko sau ɗaya bai sha taba ba fa?" Ya ce, "Huhu yana tambayar hayaƙi daga ina ya fito ne?"

Na je na roƙi Inna ta fito da suyarta tsakar gida. Ta ce, "In fito iska ta cinye mini kara, yashi ya cika mini gyaɗa? Ɗan nan, tafi ka duba wa mutane masai." (Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ko da kuwa gini zai faɗo mini. Wannan kuwa an gwada.)

To, na taɓa ganin bututu a kan ɗakin girkin bariki, hayaƙi yana fita salin-alin. Na ce ai wannan ba sai da ilimi ba, kafa ce kawai a rufi. Na zaɓi safiyar da Baturen likita zai zagayo unguwarmu, don ya tarar da aikina. Gaskiya rabin niyyar don Inna ne, rabin kuwa don a ce da ni madalla da Turanci.

Na ce ta kashe wuta, ta ce gyaɗa na kan kasko, ba za ta kashe ba. Na hau rufi da gatari. Abin da ban sani ba shi ne, gara ta daɗe da cinye azarar gidanmu, Allah ne kawai yake riƙe da rufin. Ban yi wani saran kirki ba ƙasa ta burma, na zurma har ƙugu, na tsaya cak. Kafa dai ta samu, sai dai ni ne murfinta.

Hayaƙi ya taso ya rasa hanya, sai ya bi ta ƙafar gajeren wandona, ya ratsa cikin riga, ya fito ta wuya. Daga ƙasa na ji muryar Inna, ko a jikinta: "Ɗan nan, daina harbe-harben nan, kana zuba mini ƙasa a gyaɗa."

Daidai nan ayari ya shawo kwana: Malam Haladu, mai unguwa, Bature da malafarsa, da duk wanda ba shi da aikin yi. Suka ɗaga kai suka ga rabin mutum a kan rufi yana turnuƙe hayaƙi ta wuya. Ni kuwa, saboda tarbiyyar aiki, sai na sara wa Bature.

Bature ya tambayi me ke faruwa. Malam Haladu ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikacinmu ne. Yana auna hayaƙi." Bature ya gyaɗa kai, ya ce a tambaye ni nawa na samu. Na buɗe baki, tari ya sarƙe ni har hawaye. Malam Haladu ya ce, "Ya ce da yawa."

Maƙwabcinmu Baba Sale maƙeri ya shiga ɗakin don ya jawo ni ta ƙasa. Ya kama, ya ja da ƙarfin mai dukan ƙarfe. Wando ya bi shi, ni ban bi ba. Matan da suka shigo kawo ɗauki suka fito da salati, kowacce ta rufe fuska da hannu, amma da ɗan sarari tsakanin yatsu. A ƙarshe Inna ce ta miƙa man gyaɗar da za ta kai kasuwar Maigatari, aka tsiyaya mini a ƙugu ta sama. Na sulale na faɗa cikin tunkuza. Da zanenta na fito na yi wa Bature sallama, ina ƙyalli. Tun daga ranar sunana ya koma Malam Bututu.

Kafar dai ta yi aiki, hayaƙin Inna ya riƙa fita, na ce ko ba komai kunyar ta biya. Sai iska ta juya. Hayaƙin masu tukwane da na juji suka gane sabuwar ƙofa, suka riƙa shigowa ba sallama. Inna ta sa aka kife tsohon kasko a kan kafar. Ta ce, "Gara nawa, na san halinsa."

Tarin bai tsaya ba. Daga baya na ɗauke ta muka hau jirgin ƙasa a tashar Gagarawa zuwa asibitin Kano. Likita ya duba, ya kira sunan ciwon nan da nake tsoro, ya tambaye ta ko tana shan taba. Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji, ta ce, "Likita, mu a unguwarmu ba sai ka saya ba." Ba ta ga gyaɗar kaka mai zuwa ba. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma har yau ban daina kewarta ba.

Abu biyu na koya. Kafin ka hau rufin talaka, ka nemi izinin gara. Sannan hayaƙin da ke cin talaka ba na ɗakinsa kaɗai ba ne, na unguwa ne, ita kuwa unguwa ba ta da rufin da za ka huda.