Sakatariya Ta Tafi Da Kwafi Uku A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya ƙi daina leƙen kan teburi, Alhaji Abdulƙadir Ila na Unguwar Kanawa, tsohon ma'aikacin ofishin ajiyar fayil, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan layin fansho rasuwar kwamfutarsa, wadda gida da maƙwabta suka fi sani da Sakatariya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan bencin Jibrin mai gyara, a Babbar Kasuwa, bayan doguwar jinyar da mai ita ya daɗe yana kira gajiya. Ta shekara goma sha tara a duniya, shida a aikin gwamnati, goma sha uku a hidimar littafi guda ɗaya.

A wata ɗaya suka yi ritaya, ita da Alhaji. Ma'aikata ta sallame shi da takardar yabo, ita kuma aka fito da ita gwanjo tare da kujeru masu ƙafa uku. Da ya gan ta a jingine a baranda, ƙura ta rufe mata fuska, sai ya ji kamar kansa yake kallo. Ya saye ta, ya ɗauko ta a keken haya bisa cinyarsa, yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami har suka iso gida.

Ba don ado ya kawo ta ba. Tun yana ƙaramin akawu, in ya tashi daga ofis, zauren Malam Sanda yake wucewa a Kawo ya ɗauki karatun fiƙihu. Malam ya shekara arba'in da ɗoriya yana karantarwa, daga tsarki har aikin hajji, bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya da sunansa ba. Ranar da Alhaji ya ajiye aiki ya durƙusa gaban Malam ya ɗauki alkawari, cewa zai tattara karatun nan kaf ya mai da shi littafi, ya sa masa shi a hannu ya gani da idonsa. Malam ya ce Allah ya nuna mana. A lokacin ko tabarau ba ya sawa. Yau ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya gane fuskar ɗalibi sai ya yi magana, manyan baƙaƙe kaɗai suka rage masa.

Ana shaidar marigayiya da sanin girman na gaba. Manhajar rubutun da ke cikinta ba ta ɗauki littafi a matsayin tarin kalmomi ba, ma'aikata ta ɗauke shi, kowa da matsayinsa. Babi na sama, fasali na bi masa, mas'ala na ƙarƙashin fasali. In ka nemi cusa mas'ala inda babu fasalin da zai riƙe ta, sai ta ƙi, cikin ladabi, da ɗan sautin nan nata, ɗin, har sai ka bi ta hanyar da ta dace. Alhaji, wanda ya shekara talatin da biyar yana kallon yara 'yan mataki na shida suna tsallake na goma su shiga ofishin darakta, ya sha faɗa cewa bai taɓa aiki da mai tarbiyya irinta ba.

Ana kuma shaidarta da haƙuri. A ɗauke babi na tara a kai shi gaban na huɗu, kafin ka kurɓi shayi ta sake wa kowa lamba, babu tsaki babu ƙorafi. Duk inda aka rubuta a duba babi kaza, ita ke bi ta gyara da kanta. Hashiya ɗari uku da sittin ta riƙe a ƙasan shafuka, in an ƙara ɗaya a tsakiya sauran su matsa kamar sahun masallaci. Ƙunshiya kuwa maɓalli ɗaya ake danna mata ta jero ta da lambobin shafi. Larabci na tafiya daga dama, Hausa na tahowa daga hagu, ta zaunar da su a layi ɗaya ba tare da wani ya taka wani ba. Baƙaƙe masu ƙugiya ma, da ba ta zo da su daga ƙasarsu ba, sau ɗaya aka koya mata ta riƙe. Wanda bai yi zamanin tafireta da takardar kabon ba, lokacin da kuskure ɗaya a layin ƙarshe ke sa a sake buga shafi guda, ba zai san abin da Alhaji ya rasa ba.

Amma tunda ba a binne mamaci da ƙarya, dole a ambaci aibinta, kuma guda ɗaya ne. Ba ta taɓa ce wa mai ita ya isa haka ba. Hajiya Rahmatu, uwargidan Alhaji, ta rantse littafin nan ya kammala tun shekara biyar da suka wuce. Sai dai wanda aka sauƙaƙa wa gyara ba ya gama gyara. Yau ya ga babin azumi ya fi dacewa a gaban na zakka, jibi ya ga ashe da can ya fi kyau. Ya sauya girman kanun babi, ya dawo da shi. Ita kuwa Sakatariya, ko sau ɗari za a yi, sau ɗari za ta sake lamba. Duk sallah Malam kan tambaya ina aka kwana, Alhaji ya ce saura ƙiris. Ƙiris ɗin nan ya ci raguna biyar.

Ciwonta ya faro da mantuwa. Kullum aka tashe ta sai ta ce yau ɗaya ga Janairu, a wata shekara da ta wuce tun Alhaji na da baƙin gashi. Shi da kansa yake gyara mata kwanan wata yana cewa tsufa ne, kowa zai je. Daga nan sai nauyin tashi. A kunna ta, a je a yi walaha, a karya kumallo, a dawo a tarar tana ta huuu kamar mai hawan tudu da kaya. A watan jiya wani sabon sauti ya shigo daga can cikinta, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Fadila, 'yar Alhaji, da ta ji shi ta ce wa mahaifinta wannan ba gajiya ba ce, ya kwashe aikinsa tun da wuri, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ta sayo masa filashi sabo, ɗan abin da ake kwafe aikin kwamfuta a ciki. Ya karɓa ya sa mata albarka, ya rubuta ranar da ya shigo a jikin kwalinsa, ya kulle shi a durowa yadda ake yi wa kayan sito. Ya kuma tunatar da ita cewa shi ba yaro ba ne a harkar ajiyar takarda. Duk takardar da ta san kanta kwafi uku ake yi mata, na asali, na biyu, da na fayil, kuma haka yake yi wa littafin Malam kowace Juma'a ba fashi.

Gaskiya ya faɗa, haka yake yi.

Ranar Talata ta ƙi tashi sam. Aka naɗe ta a bargo aka kai wa Jibrin. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙurar gwamnatoci uku, ya ciro ma'ajiyar bayananta ya jona a wata kwamfutar, ya kara kunne. Ƙyas ɗaya ta yi, ta yi shiru. Jibrin ya ce wannan kam sai haƙuri, amma abin da sauƙi in dai akwai kwafi.

"Har uku," in ji Alhaji, da ɗan alfahari.

"Madalla. Suna ina, Alhaji?"

Alhaji ya ɗaga hannu ya nuna gawar da ke kan benci. Folda uku ne, a jere, da sunayensu tsaf, duk a ciki ɗaya. Hannun bai sauko da wuri ba. Jibrin yaro ne mai tarbiyya, bai yi dariya ba, sai ya jawo kujera ya ce Alhaji ya zauna.

Kwana biyu Alhaji bai iya tuwo ba. Ba ƙarfen yake wa kuka ba, ko da yake ya yi masa kaɗan. Kunya ce ta kama shi, da tsoro. Da wane baki zai ce wa dattijon da ya jira shi shekara goma sha uku babu littafi, alhali ya san littafin ya taɓa kammala, shi ne ya riƙe shi yana yi masa kwalliya? Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba ne.

Marigayiya ta bar firinta ɗaya, tsohuwar abokiyar zamanta, wadda yanzu ba ta da mai ba ta umarni. Ta bar allon madannai da harafin a ya goge a kansa ƙarƙaf, da ɗan linzami mai ɗingishi, da ƙyallen leshi da ake lulluɓe ta da shi. Ta bar filashi sabo fil a kwalinsa, wanda bai taɓa ɗaukar ko wasali ɗaya ba, kuma an roƙi masu ta'aziyya kada su tayar da zancensa.

Ta kuma bar wasu magada da Alhaji bai san da su ba sai ranar Alhamis da safe.

Ga yadda abin yake. Duk babin da ya gyara, yakan buga shi a takarda ya kai wa Malam ranar Alhamis, da yake babu karatu, ya karanta masa a gyara. In ya dawo ya shigar da gyaran, sai ya miƙa wa Hajiya Rahmatu tsofaffin shafukan. Takarda ce mai ayoyi da sunan Allah, ba a jefa ta a shara, ba a ba mai ƙosai. Umarnin shi ne ta ƙone su a wuri mai tsarki ta binne tokar. Shekara goma sha uku tana cewa to.

Da ta ga mutumin nata ya fara kallon bango yana magana shi kaɗai, sai ta kira shi ɗaki, ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta sauko da buhu biyu daga kan sif.

"Alhaji, ka yafe ni, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba," in ji ta. "Duk na kunna ashana sai in ga karatun Malam ne, hannuna ya ƙi."

Alhaji ya durƙusa a gaban akwatin, hawaye na zuba, bai ma damu da ɓoyewa ba. Sai da ya fara ɗagawa murnar ta ragu. Littafin yana nan, har ya yi yawa. Babi na bakwai guda biyar ya samu, ɗaya na taimama, ɗaya na azumi, ɗaya na sallar matafiyi, sauran biyun ma kowa da nasa batu. Ƙunshiya tara, babu biyu da suka yarda da juna. Wani shafi ya ce a duba babi na goma sha ɗaya, aka duba aka tarar da masu wannan suna har huɗu. Duk lambar da marigayiya ta taɓa sakewa cikin haƙuri, ga ta nan ta dawo tana neman a yi mata shari'a.

Haka ya ɗauki akwati da buhuna ya nufi Kawo. Ya zube gaban Malam Sanda ya faɗi komai, har da shekara biyar ɗin da ya ɓoye, kansa a ƙasa. Malam ya saurara har ƙarshe. Sai ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya tambaya wa ya ce masa karatun da lamba aka jera shi.

"Ni ban taɓa karantar da babi na bakwai ba, Abdu. Abin da ke bin taimama na sani. Karanto min layin farko, in gaya maka inda yake zama."

"Allah ya gafarta Malam, shafi ya fi dubu uku."

"To me kake jira?" in ji Malam. Ya lalubo takarda ɗaya daga buhu, ya kai ta dab da fuskarsa, ya karanta kan babin da ke sama da manyan baƙaƙe, daidai, ba gargada. Sauran shafin kuwa ya shafa shi da yatsa kawai, ya miƙa wa Alhaji.

Dangane da jana'iza, an yanke shawarar ba za a yi wa marigayiya wanka ba, domin ruwa bai taɓa karɓarta ba. An ba Jibrin izinin cire fankarta da duk abin da ke da sauran amfani, a sa wa wasu kwamfutocin mabuƙata. Gangar jikin za ta koma ƙarƙashin teburin Alhaji, a lulluɓe da leshinta.

Za a yi zaman makoki a zauren Malam Sanda da ke Kawo, kowace Alhamis da Juma'a daga hantsi, har ranar da buhu na ƙarshe ya ƙare. Ba a buƙatar kuka, kuma an yafe kawo abinci. Duk mai zuwa ya zo da alwalarsa saboda takardun, da tabaransa, da 'yan duwatsu masu tsabta na danne shafi, don zauren yana da iska. Mai zuwa zai karanta, Malam zai faɗi mazauni, Fadila za ta buga a tata kwamfutar. Filashi ya fito daga durowa, kuma an danƙa shi a hannun Hajiya Rahmatu, tunda ta nuna ita ce ma'ajiyar gidan. Shi kuwa Alhaji Abdulƙadir an ba shi aikin jera takardu kawai, kuma ya yi alkawari gaban shaidu cewa duk babin da Malam ya zaunar, ya zaunu ke nan.

Shafin farko za a fara bugawa, mai ɗauke da sunan Malam, da baƙaƙe mafi girma da firinta za ta iya. Ana roƙon jama'a kada a makara. Malam ya ce har yanzu yana ganin manya.