Ƙafafun Motar Ɗalha

"Lafiya lau na tashi, amma yanzu da na gan ki ban san yadda wunin zai ƙare ba."

"Af, ashe da mutum a ciki. Ni kajin da ke kwana a motar nake gayarwa. Ina kwananku, masu gida?"

Haka Ɗalha direba da taubashiyarsa Kande suke gaisawa tun suna yara, ga shi har furfura ta cim musu ba su fasa ba. Uban Ɗalha da uwar Kande ciki ɗaya suka fito, don haka ba mai shiga faɗansu sai wanda bai san gari ba. Ni shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Ɗalha ne, a ƙauyenmu da ke can ciki tsakanin Gumel da Maigatari, inda kwalta ta ƙi isowa. Ba gulma nake yi ba, kunne ne ba shi da marfi.

Ɗalha yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kira Gimbiya. Da can ita ce ƙafar garin nan duk ranar kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai ta tsaya a gindin darbejiya, ba ta sake motsi ba. Kullum da safe sai ya goge gilashinta, ya shiga ya zauna a bayan sitiyari da 'yar rediyonsa yana sauraron 'yan takara. Matarsa Ummulkhair ta rasu, 'ya'yansa suna kudu, kuɗin mota ya hana su zuwa ko da Sallah. Wallahi tausayi yake ba ni, amma shi mutum ne da ba ya son a nuna masa. Yaran jam'iyyu kuwa sun lulluɓe jikin motar da hotunan iyayen gidansu, wani kan wani, har ƙofar shagona ba su bari ba, marasa kunya.

Kande ta jingina da ƙofar motar ta ce, "Ciniki ya kawo ni."

"Ba na sayar da ƙwai ga bayin gidanmu. Kyauta nake ba su."

"Ji bawa da bakin sarauta. Kai da uwata ta goya ka kana tsula mata fitsari a baya? Ƙafafun bayan nan nake so, da ƙarfen da ya haɗa su. Sha'aibu mai walda ya ce in na samo zai haɗa min amalanke. Bijimaina biyu suna zaune suna cin harawa a banza tun da aka gama girbi."

Ɗalha ya rage muryar rediyo, ya leƙo da kai ta taga yana kallonta tun daga ɗankwali har silifa.

"Sake faɗa, ina jin kunnena ne ya fara tsufa."

"Ai ba kunnen kaɗai ba."

"Ƙafafun Gimbiya? Ƙafafun da suka san Sule Tankarkar, suka san Gagarawa Tasha, suka sha yashin Maigatari har duwan na hayi, 'yan kwastan ɗin tsallaken iyaka, suna ɗaga mata hannu? Su za su koma bin bayan bijimi suna taka kashinsa? Lalle linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Kazar dai ita ce mai motar yanzu. Jiya na ga ta fito da 'yan tsakinta ta ƙarƙashin kujera, ko kuɗin haya ba ta ba ka ba."

"Fasinjoji ne. Lodi nake yi."

"To Allah ya cika ta. Da su za ka je kasuwa?"

"Ke ba ki jin rediyo, shi ya sa kanki yake a duhu. Zaɓe ya matso. Wannan na jikin ƙofa, mai doguwar hula, ya ce in ya hau mai zai sauko har sai an yi wanka da shi. Na kusa da shi ya ce zai mai da motocin haya su koma shan gas, kyauta. Wancan na kan bonet ya rantse zai kwashe shingayen da ke hanya, direba ya tashi daga Gumel bai sa hannu a aljihu ba sai ya ga kara, kasuwar shanu."

"Kai wanne za ka dangwala wa?"

"Duk wanda ya ci, Gimbiya ce ta ci."

Kande ta tuntsire da dariya har tana dafa bonet, a daidai hancin ɗan takarar.

"Zaman jiran gawon shanu ke nan. Wancan zaɓen ba a nan gindin darbejiyar suka tsaya ba, da motocinsu masu baƙin gilashi? Suka ce kwalta za ta shigo har ƙofar masallaci. Kai ne ma kan gaba wajen tafi. Ina kwaltar? Ko ita ce kake zaune a kai?"

"Aiki ne babba, ba a yin sa da gaggawa."

"Ni dai abin da na gani taliya ce da atamfa. Taliyar a ranar jikoki suka gama da ita, atamfar kuwa ta koɗe tun ba a rantsar da mutumin ba. Tambayi tela, shi ya ɗinka min."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da taka kekena. Gaskiya ta faɗa, atamfar ko allura ba ta so.

"To ke me ya dame ki da hanya?" in ji Ɗalha. "Tsohuwa irinki ina za ta? Duk inda kika je ai korowa za a yi."

"Ni ba a koro ni ko'ina ba. Kai ne aka koro daga tasha, har kamasho ya manta sunanka. Matan garin nan nake ji. Jannatu ta ɗauki kajinta biyu ta hau acaɓa zuwa Maigatari, ta dawo da kuɗin kaza ɗaya, ɗayar ɗan acaɓa ya cinye. Ga riɗi, ga zoɓo jibge a ɗakuna, sai dillalai su shigo su saya yadda suka ga dama, don sun san ba mu da ƙafar fita. Amalanke ba ta shan mai, ba ta neman takarda."

"Ba ta kuma isa. Ki tashi ranar Alhamis, ki iske 'yan kasuwa suna share rumfa ranar Juma'a."

"Ta dai fi wadda ta tashi tun bara waccan, har yau ba ta wuce inuwar darbejiya ba."

"Hutawa take yi. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"In ba ta zama kakin banza ba. Kai Ɗalha, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Su waɗannan na jikin hoto, ka taɓa ganin ɗayansu a layin gidan mai?"

"Ba zan sayar ba. Ko da bijiman za ki haɗa min, da ke kanki gyara."

"Ni ai na fi ƙarfin gyara. Da ka samu kamata tun farko da ka yi ƙiba."

"Allah ya kiyashe ni. Kawunki ya so ya haɗa mu, na ce gara a ɗaura min aure da tsohuwar taya."

"Ga shi kuwa an ɗaura, har guda huɗu, duk sun sace."

Ni kaina sai da na yi dariya a nan, don tayoyin sun kwanta a yashi kamar an taka gurasa. Ɗalha ya harare ni ta madubi, na kama kaina.

Kande ta gyara mayafinta, ta zagaya ta ɗaya gefen, ta ja ƙofar da ƙyar, ta kore kaza ta zauna a kujerar fasinja. Rabon da in ga mutum a kujerar nan har na manta.

"Wa ya ce ki shiga? Gidan gaba na manyan mutane ne."

"To ka kira kwandasta ya fitar da ni." Ta dube shi. "Jiya wa ya zo ya gaishe ka?"

"Jama'a da yawa."

"Faɗi sunan mutum ɗaya. Ban da tela, shi don kana gabansa ne, ba yadda zai yi."

Ɗalha ya kau da kai. Ya sa gefen rigarsa yana goge sitiyarin da ba ƙura a jikinsa. Rediyo na ta faɗin ranar da wani ɗan takara zai zo Gumel, ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Kande, da can in na danna hon daga bakin gari, kafin in iso nan an cika. Wannan ta ce direba riƙe min yaro, wancan ya ce direba ka biya ta wurin surukina. Har faɗan mata da miji a motar nan nake rabawa. Ban san ina da jama'a don mota ba ne sai da ta tsaya. Tun da Ummulkhair ta tafi gidan ya yi min faɗi, ba na iya wuni a ciki. Nan ne kawai in na zauna nake jin kamar yanzu wani zai leƙo ya ce, direba akwai wuri? Na san mutanen hoton nan romon baka suke ba mu, ban haukace ba. Amma muddin tana kan ƙafafunta, ni direba ne da motarsa ta tsaya. Ranar da aka cire su, tsoho ne kawai a cikin akurki."

Na tsayar da keke. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba tare da ya zagi kowa ba.

Kande ta ce, "Kai ka ma samu kaji. Ni tun da ɗana Abdulfatah ya bi 'yan uwansa birni, da bijimai nake hira. In na yi musu maganar tsadar gishiri sai su kaɗa kunne. Kaɗaici ba gidanka kaɗai ya sani ba."

"To wa zai kora miki amalanken, tunda yaron ba ya nan?"

"Kai a ganinka me ya fito da ni da sassafe, kyawun fuskarka? Ƙafafun mota ai ko a Gumel na samu wajen 'yan gwangwan. Direba ne babu."

Ɗalha ya juyo gaba ɗaya. "Ni? Ni Ɗalha, da lasisina, in riƙe igiyar sa?"

"Bijimaina ba su iya karatu ba, ba za su nemi ganin lasisi ba."

"Ba giya, ba birki, ba madubi."

"Motarka ma yaushe ta yi birki? Ba da dutse yaronka yake bin ta ba? Har yau ƙugun nan nawa yana tuna ramin da ka jefa mu a hanyar Sule Tankarkar."

"Nauyinki ne ya ja mu. Kuma ni ban san yaren shanu ba."

"Ai ɗan'uwa ba ya ɓuya. Kuna haɗa ido za ku gane juna."

"Mutanen tasha su gan ni a kan amalanke? Su Ya'u su yi min dariya?"

"Ya'u yana sayar da rake yanzu, ba shi da bakin dariya. Ka tsaya ka ji. Jannatu da riɗinta, Hannatu da buhunan zoɓo, matar liman da awakinta, kowacce ta ce a sa da ita. Tun asuba za su cika ƙofar gidan nan suna direba kaza, direba kaza, har sai ka toshe kunne."

"Ƙofar gidan nan?"

"To ina tashar take in ba nan ba?"

Ɗalha ya kalli filin da ke gaban motar, inda ba kowa sai sawun kaji. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Allah ya isa tsakanina da ke, Kande. Kin ci ni."

"Faɗi kuɗinka."

"Ubangida ba ya ciniki da baiwarsa. Na ba ki. Amma ki sani, ba a yi wa direba gardama a hanya, kuma ke a can baya za ki zauna tare da awakin matar liman."

"Na yarda. Sun fi ka daɗin hira."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari, ta ɓara, ta miƙa masa babban ɓarin. Ya karɓa bai ci ba, yana ta juya shi a hannu. Har ta sauka ta fara tafiya ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki ce wa Sha'aibu ya zo da Azahar, in na shiga masallaci. Ya taho da bulo ya ɗora ta a kai, kada cikinta ya taɓa ƙasa. Kuma ya yi sauri. Ba na so in fito in tarar yana kwancewa."

Kande ba ta mayar masa da baƙar magana ba. Ta ce, "To, Yaya," abin da ban taɓa jin ta kira shi ba.

Sha'aibu ya zo a kan lokaci, ya gama aikinsa nan da nan. Jama'a suka idar da salla suka watse. Ɗalha kuwa har aka kira La'asar bai fito daga masallaci ba.