Gurbin da Zanzaro Ya Kama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta 'yan ajinmu ba za su bar ni ba, da ranar da wata injiniya ta zo daga Katsina duba aikinmu na kwamfuta. A ranar ne za a zaɓi waɗanda za su wakilci makarantarmu a gasar jiha, ni kuma na ƙwallafa rai. Har Baba ya yarda in je, Inna ta wanke mini farin hijabi ta goge.

Aikin ba wuya. Malam Sada, malaminmu na kwamfuta, ya kwance murafen tsofaffin kwamfutocin da suka yi damina a sito, ya ba kowacce ɗaya. Ya ce mu duba kowane gurbi da ke jikin babban allon ciki, da kowace kafa da ake jona waya a baya, mu bayyana su a wata manhaja: wane iri ne, dogo ne ko gajere, me ake sakawa. Tambayar ƙarshe kuwa amsa biyu gare ta kacal, "a cike" ko "babu komai".

Sauran suka gama tun kafin tara, yawanci kwafar ta Rabi suka yi, 'yar Dutsi da muke zama benci ɗaya. Ni na tsaya da tocila ina leƙe (har ƙananan haƙoran da ke cikin wajen jona allon kallo na duba, ɗaya ya lanƙwashe). Can ƙasa sai na ga dogon gurbin da ake sa katin hoto, mai ƙara wa kwamfuta ƙarfin nuna hotuna, an liƙe shi da jar laka, an yi ginin tsaf kamar 'yar tulu. Zanzaro ne ya shigo ta baya ya yi gida.

Da wata ce sai ta ɗaga hannu ta tambaya. Ni kuwa ko ruwa nake so a aji sai in haƙura da ƙishi. Na zauna na yi shari'a da kaina: babu komai? Ai ƙarya ne, ga abu ina gani. Na danna "a cike", na mayar da murfi.

Washegari aka tara mu, har da shugabar makaranta a kujerar gaba. Injiniyar ta haska ayyukanmu a bango tana wucewa da sauri, sai ta tsaya a kan nawa.

"Kai, Malam, ashe kuna da katin hoto a tsohuwar nan? Ko a ofishinmu ba kowacce ke da shi ba."

Malam Sada ya gyara hula. "Ai muna ƙoƙari, Hajiya, muna ƙoƙari."

"Wa ta yi wannan? Aikin ya yi kyau. Tashi, 'yata, wane irin kati ne?"

Na miƙe. Na ce, "Ba kati ba ne, Anti."

"Ɗaga murya!" in ji shugaba.

"Gidan zanzaro ne."

Injiniyar ta ɗauka wasa nake, ta sa aka kawo kwamfutar, ta kwance murfin da kanta. Mai gidan yana ciki. Ya fito da fushinsa ya nufi hular Malam, Malam ya yi tsalle ya bi ta bayan shugaba yana kare fuska da rajista. Rabi ta faɗo daga benci don dariya.

Da ƙura ta lafa Malam ya juyo kaina, kunya ta koma masa faɗa. "Ke wace irin yarinya ce? Zanzaro kayan kwamfuta ne?"

Har yau ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "Malam, ba a tambaye ni ko kayan kwamfuta ne ba. Cewa aka yi a cike ko babu komai. Kuma akwai komai."

Injiniyar ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ta ce duk da haka manufar tambayar ita ce a san ko za a iya sa kati a wurin, da na kankare lakar da an wuce wajen. (Wato in rushe wa bawan Allah gida da 'ya'yansa a ciki don in cike layi ɗaya.)

Ba a zaɓe ni ba. Rabi aka zaɓa, wadda ko murfin tata ba ta leƙa sosai ba. Ranar tafiya ina tsaye bakin ƙofar makaranta motarsu ta wuce, ta leƙo ta taga tana ihu, "Uwar zanzaro, me za a sayo wa yaran?" Sunan ya bi ni har unguwarmu, yanzu ko ƙanena da shi yake kirana idan yana neman duka.

Malam ya ce in rubuta takardar ban haƙuri. Na rubuta cewa na yi nadamar rashin tambaya, na tsaya nan. Ya ce ban ambaci kuskuren amsar ba, na ce ban gan shi ba tukuna.

Abin da na koya dai shi ne, idan babba ya ba ki amsa biyu ya ce ki zaɓa, ba abin da idonki ya gani yake nema ba, abin da shi ya zata yake nema. Na koya sarai. Amma gobe ma aka sake miƙo mini kwamfutar nan, "a cike" zan danna.